Leƙa bayan rediyon kafin ka canza shi

To, ajiye sukundirebar nan ka jawo benci. Na ji tambayarka tun ɗazu, hannuna ne ke cikin aiki. Ka ce mutumin da ka saka wa ɗan abin nan na haɗa salula da rediyo ta Bluetooth a soket ɗin sigari shekaranjiya ya dawo da ƙorafi: da ya taka totur sai wani fito ya tashi a sifika, kuma duk wanda ya kira shi sai ya ce kamar daga cikin rijiya yake magana. Shi ne kake tambaya ko mu ciro tsohon rediyon gaba ɗaya, mu saka masa sabo mai Bluetooth kowa ya huta. Wataƙila ƙarshenta hakan za a yi. Amma in ka saka sabon ba tare da ka gane abin da ya ɓata aikin farko ba, da wannan ƙorafin zai sake dawo maka.

Tun da a bakinmu komai waya ne, wadda ake kira da ita da wadda wuta ke bi, bari in riƙa ce wa ta aljihu salula don kada mu rikice.

Mai mota ya faɗi abu ɗaya, amma aiki biyu ya ba ka. Sauraren kiɗa daban, amsa kira daban, kuma shi kansa Bluetooth ɗin ya raba su. Na kiɗa ana kiransa A2DP. Hanya ɗaya yake bi, daga salula zuwa mota, sauti hagu da dama. Na kira kuma HFP ne, shi kuwa kai da kawowa yake yi: muryar wancan ta fito a sifika, ta direba ta shiga makirufo ta koma. Akwai na uku, AVRCP, wanda ke ba ka damar tsayar da waƙa ko tsallake ta da maɓalli ba ka taɓa salula ba. Ka riƙa neman haruffan nan a jikin kwali kafin ka karɓi kaya. Na sha ganin na'urar da ke kiɗa garau, amma kira na shigowa sai ta yi tsit, domin ba a yi ta don kira ba tun asali.

Kiɗan shi ne mai sauƙin. Tambayarsa ɗaya ce tak: ta wace ƙofa sauti zai shiga rediyon nan?

Wanda ka saka ta ƙofar eriya yake shiga. Ƙaramar tashar FM ce a cikin mota, tana karɓa daga salula ta watsa, rediyo ya kama kamar yadda zai kama kowace tasha tsakanin 87.5 da 108. Ba ya buƙatar kwance komai, shi ya sa kowa ke sonsa. Sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, da gangan aka yi shi haka don kada ya shiga rediyon motar da ke gefe. Saboda haka duk tasha ta gaske da ke kusa da lambar da ka zaɓa za ta danne shi. Ka zaɓi wurin da ba kowa a yau, gobe mutum ya yi tafiya mai nisa ya tarar da tasha zaune a wurin, sai shuuu. Sannan ka kula da asalin motar. Tsofaffin rediyoyin da aka yi don kasuwar Japan daga 76 zuwa 90 suke kamawa, ke nan ɗan tsakanin 87.5 da 90 kaɗai ya rage maka. Na Amurka kuwa tsalle suke yi, 88.1, 88.3, 88.5, ba sa tsayawa a 88.2. In ka saita na'urar a lambar da rediyo ba ya iya tsayawa, sai ka wuni kana zargin kayan banza alhali lafiyarsa ƙalau.

In motar mai kaset ce kuma injin kaset ɗin na juyawa, akwai kaset na ƙarya da ake turawa ciki ya miƙa sauti kai tsaye ga kan da ke karantawa. Sau da yawa ya fi na FM tsabta. Amma bel ɗin cikin injin ya tsufa, kuma za ka riƙa jin ƙarar juyawarsa in waƙa ta yi sanyi. Na wucin gadi ne.

In akwai ramin AUX, ɗan ƙaramin nan na milimita 3.5, to an gama rabin aiki. Ka samo mai karɓar Bluetooth ka soka a ciki, sauti ya bi waya, ba ruwanka da tashoshi. Ka nemi ramin da kyau, domin wasu motoci a cikin akwatin da ake jingina hannu ko na ajiye takardu suke ɓoye shi. Kuma ka zaɓi wanda ke shan wuta daga mota. Masu ɗan batir a ciki ba sa jure zafin motar da aka rufe a rana, kuma kullum sai an tuna an yi musu caji.

Ƙofar da na fi so kuwa ba a ganinta daga gaba. Motoci da yawa na ƙarshen shekarun 1990 zuwa na 2000 an yi rediyonsu da filogi a baya don na'urar nan mai ɗaukar faifan CD shida da ake sakawa a but. Mafi yawan masu motocin ba su taɓa sakawa ba, filogin na nan a banza shekara da shekaru. Akwai ƙananan akwatunan Bluetooth da ake yi wa kowane irin rediyo, waɗanda in ka soka su a wurin sai rediyon ya ɗauka na'urar CD ce aka haɗa masa. Mai mota ya danna maɓallin CD sai ga waƙar salularsa. Maɓallin tsallake waƙa ya yi aiki, a motoci da yawa har da na jikin sitiyari. Fuskar dashbod tana nan yadda kamfani ya yi ta, ba a yanke waya ko ɗaya ba. Abin da zai hana ka kuskure shi ne ka ciro rediyon ka ƙirga ƙafafun filogin da idonka, ka karanta lambar da ke manne a jikinsa. Kada ka yi oda da sunan mota da shekararta kawai, domin mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da rediyo iri biyu ko uku. In babu wannan filogin, akwai mai FM ɗin da ake haɗawa a tsakanin wayar eriya da rediyo, wanda ke katse eriyar waje in an kunna shi. Ya fi na soket nesa ba kusa ba.

Yanzu fiton nan. Ka lura da abin da mutumin ya ce: in ya taka totur yake tashi. Fiton da ke hawa da sauka tare da inji, galibi daga altaneta yake. Ita altaneta wuta mai kaɗawa take haifarwa, diyod ɗin cikinta ne ke miƙar da ita, amma kullum akwai ɗan ragowar kaɗawa a layin. Na'ura mai kyau tana tace shi. Mai araha kuwa sai ta wuce da shi har cikin sifika. Araha ba ta ado, ɗana. Gwajin ba wuya: ka ba na'urar wuta daga wani batir na daban, mota na aiki. In fiton ya ɓace, ta layin wuta yake shigowa. Kafin ka ɗora wa na'urar laifi duka, ɗora mita a kan batirin motar, mota na aiki, ka juya ta wajen AC, wato wajen auna wuta mai kaɗawa. In ka ga abin ya haura rabin bolt, altanetar ce ke da diyod mai mutuwa, kuma mai motar zai gode maka da ka gaya masa tun kafin ta tsayar da shi a hanya.

A aikin AUX akwai wani dalilin kuma. Rediyo yana komar da wutarsa ta jikin ƙarfen mota a wuri guda, caja tana komar da tata a wani wurin, wayar AUX ta zo ta haɗa su biyun. Ɗan bambancin da ke tsakanin wuraren nan sai ya bi ta wayar sauti. Maganinsa ko dai ka ɗauko wa na'urar wutarta daga inda rediyo ke ɗauka, ko ka saka ɗan akwatin nan mai taransufoma biyu a ciki a kan layin AUX, wanda ke barin sauti ya wuce ya tare wutar. Sannan ka koya wa mai mota ya ƙure ƙarar salula, ya riƙa ragewa da ƙarawa a rediyo. In ya yi akasin haka, hayaniyar yake ƙara wa ƙarfi tare da waƙar.

Maganar rijiya kuwa ba ta da alaƙa da duk wannan, kuma nan ne ake gane wanda ya iya aikin. Ina makirufon abin da ka saka yake? A jikinsa, can ƙasa kusa da giya, nesa da bakin direba, yana fuskantar gwiwarsa. Abin da yake ji da kyau shi ne gurnanin inji da iskar esi. Mai mota ba zai taɓa jin wannan matsalar da kunnensa ba, domin shi muryar wancan yake ji garau a sifika. Wanda ke ɗaya ɓangaren ne ke shan wahala. Shi ya sa in mutum ya ce mini yana son kira, ba na karɓar na'urar da ba ta da makirufo mai doguwar waya. Ka maƙala shi a sama kusa da abin tare rana, ko kusa da madubin tsakiya, ko a kan murfin wuyan sitiyari, bakinsa na kallon bakin direba. Ka nisanta shi da ramin iskar esi da gefen taga. Ka nisanta shi da sifika ma, in ba haka ba muryar mai kira za ta fito ta sake komawa ciki, ya riƙa jin kansa yana maimaita kansa. Na'urorin suna da dabarar share wannan amsa-kuwwar, amma in an ƙure sifika tana fin ƙarfinsu.

Wajen jan wayar makirufo zuwa sama, ka buɗe kunne. Motoci da yawa suna da jakar iska ta kariya a naɗe a ƙarƙashin murfin ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba. Wayarka ta bi ta bayanta tare da wayoyin kamfani, kada ta gitta ta gabanta. Kuma duk filogin da ka gani ruwan ɗorawa a ƙarƙashin dashbod ko kujera, na jakar iska ne. Kada tasta, abin gwada wuta, ta kusance shi.

To in duk ƙofofin nan babu, ko rediyon kansa ya gaji, sai a zo kan maganarka. Ramin rediyo girma biyu ne aka saba: faɗin milimita 180 da tsayin 50, ko 180 da 100. Wayoyin sabon rediyo kuma ka haddace su: ruwan ɗorawa wuta ce kullum daga batir don kada ya manta saitinsa, ja tana zuwa ne in an murɗa makulli, baƙa ta jikin ƙarfe. Wasu motocin Turai suna musanya wurin biyun farko a filoginsu, sai ka ga rediyo yana manta tashoshi duk lokacin da aka kashe mota. Auna da mita, kada ka yarda da launin wayar motar. Ka sayo filogin haɗi na wannan motar, kada ka yanke na kamfani. A motocin da suka fi sabunta ma ba za ka sami wayar makulli ba sam, saƙo ne kwamfutar mota ke aika wa rediyo ya tashi, sai an saka akwatin da ke fassara shi. Wasu manyan motocin Jamus na shekarun 2000 kuwa da zaren haske rediyonsu ke magana da amfulifaya, wasu motocin kuma ta rediyo ƙararrawar gargaɗi ke fitowa. Ka ciro irin wannan ba ka bincika ba, garin neman gira ka rasa ido. Ni ma na taɓa cire kan batir ban tambayi mai mota lambar sirrin rediyonsa ba. Da na mayar, rediyon ya kulle, takardar lambar kuma ta ɓata tun hannun mai motar na farko. Kwana uku muka yi a kan abin da tambaya ɗaya za ta hana.

Abu ɗaya kuma, kowace hanya ka bi: zare makulli ka ga ko fitilar na'urar ta mutu. Soket ɗin wasu motoci ba ya ɗaukewa. In ta kwana a kunne, tana tsotsar batir a hankali, kuma salular mutum na iya maƙalewa da motar yana cikin gida, kira ya shigo ya yi ta halo ba ya jin kowa.

Yanzu tashi ka ɗauko ƙarafan zare rediyo. Ka fara tambayar mai motar lambar sirrin rediyon, sannan ka ciro shi ka ɗauko mini hoton bayansa da na takardar jikinsa. In akwai filogin CD, shi za mu bi, da makirufo a sama. In mun gama, shi zai zauna a kujerarsa ya ja motar, esi a kunne, sannan ya sauke gilashi. Kai kuma ka tsaya nan ka kira shi da salularka, ka ji abin da masu kiransa za su ji. In ka ce masa "me ka ce?" ko sau ɗaya ne, ya juyo mu matsar da makirufon.