Kafin ka zargi mai iri, tona layin ka gani

Malam, tun ban kai ƙarshen tambayarka ba na gane ciwon, don da yawanmu a nan mun sha shi. Ka ce ka yi feshin maganin ciyawa a gonarka ta wajen Epe, ba ka yi huɗa ba, ka ɗauko hayar injin shuka, sai masara ta fito giɓi-giɓi, kana tambaya ko iri ne ya mutu, kuma wane inji ya kamata ka saya.

Je ka tona wuraren da babu tsiro da yatsa. In ka tarar da ƙwayar kwance a kan ciyawar da ta lanƙwashe cikin ramin, ba ta taɓa ƙasa ba, to laifin inji ne. Faifan injin da ke buɗe ramin bai yanka ciyawar ba, danna ta ya yi ciki, ƙwayar ta sha ɗan danshi ta kumbura, rana ta buɗe ta bushe. Nan Legas abin ya fi yawa, domin ciyawarmu ba ta bushewa ƙayau kamar karan dawa a Arewa, raɓa da damshin iska suna sa ta yauƙi. Kada ka shiga da injin da sassafe, bari rana ta ɗaga. Iri kuwa gwajinsa sauƙi ne: ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen buhu, ka ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako guda.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu ba da hayar nan. Mutum ya san sarai injinsa na gonar da aka yi wa haro ne, ba shi da faifan yanka a gaba, sifirin ɗinsa ya saki, boris ya ci har faifai yana rawa, amma ya rantse maka zai shiga ko'ina. Ya karɓi kuɗin hekta, direba ya taka tarakta kamar ana korarsa don ya kama wata gonar kafin la'asar. Kai kuwa sai bayan kwana goma za ka ga ɓarnar, lokacin ruwan farko ya wuce, ga kuɗin iri da na feshi sun tafi. Ka kira shi, ya ce ɓera ne. Ɓera da fakara suna ci, gaskiya ne, amma wa ya bar musu ramin a buɗe?

Kada gudun tarakta ya wuce kilomita 5 zuwa 6 a awa. In ya wuce, injin tsalle yake yi, wata ƙwayar a sama, wata can ƙasa.

Batun saye kuma, ƙasarka ce za ta zaɓa maka. In mai yashi ce irin ta Badagry, inji mai faifai ya fi, ba ya tayar da ƙasa, ba ya tono irin ciyawa. In jar ƙasa ce mai tauri ko mai danƙo, mai haƙori ya fi shiga, yana ture ciyawar gefe. Illarsa yana tattaro ciyawa ya toshe, kuma saiwar tofa da kututture suna karya shi. Faifai a laka mai jiƙa yakan goge bangon ramin ya yi sumul, saiwar masara ta kasa huda shi, ta bi layi kawai, iska ta zo ta kwantar da ita. Ko wanne ka ɗauka, kada ka yarda da wanda ba shi da tayar da ke rufe rami ta danne a baya. In tokunbo ne, wato wanda aka riga aka yi amfani da shi, duba kaifin faifai, ka girgiza shi da hannu.

Zurfi santimita 4 zuwa 5, tsakanin layi 75, tsakanin ƙwaya 25. Farantin iri ramukansa su dace da girman ƙwayar, in ba haka ba ya zubo biyu ko ya fasa. Taki ya faɗi gefe kamar santimita 5, kada ya haɗu da iri, yana ƙona tsiro.

Ni dai in gonarka ba ta wuce hekta ɗaya ko biyu ba, ba zan ce ka sayi na tarakta ba. Na hannu da ake cakawa, ko na turawa mai bakuna a jikin taya irin wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fito da shi, sun fi huda ciyawa tsaf, sai dai bakin yana toshewa da laka, ka riƙa dubawa. Yanzu dai cike giɓin da hannu in masarar ba ta wuce mako guda da fitowa ba. Kuma faɗa mana, kwana nawa ka bari tsakanin feshi da shuka?