Bututun mai ya yi tsatsa: tiyo za a sa ko ƙarfe?

Tambaya: Ina da tsohuwar a-kori-kura mai injekta, ina dakon taki da shinkafa tsakanin Auyo da Haɗeja. Bututun man da ke ƙarƙashinta ya yi tsatsa har yana ɗiga. Makanikenmu ya ce a yanke wurin a sa tiyo, ni kuwa gobara nake tsoro.

Amsa: Malam, tsoronka yana kan hanya, kuma ina roƙonka ka ajiye motar har a gyara. Lakar fadama da takin zamani suna cin ƙarfe, don haka inda ka ga ɗiga ɗaya, sauran bututun ma ya kusa hujewa. Gyaran ƙwarai shi ne a sauya shi gaba ɗaya da sabon bututun ƙarfe mai faɗi ɗaya da tsohon, a mayar da shi kan maƙalansa, nesa da salansa. Kada a sa na jan ƙarfe zalla, domin girgizar hanya tana tsaga shi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da nake ji kullum a gareji, wai tiyo duk tiyo ne. Wallahi ba haka ba ne. Sai ka ga an yanko tiyon ruwa, ko farin tiyon nan na janareto, an ɗaure da waya ko robar tsohon tayar babur, an karɓi kuɗin mutum an sallame shi da fasinja a baya. Fetur yana busar da irin wannan tiyo har ya tsage. Kuma mota mai kafireto da mai injekta ba ɗaya ba ne: a kafireto ƙarfin turin mai bai cika wuce psi 7 ba (psi ma'aunin ƙarfin turi ne), a injekta kuwa yana kai 40 zuwa 60. Da wannan ƙarfin, ƙaramar tsaga feshi take yi, kuma feshin fetur a kan salansa mai zafi yana iya kama wuta nan take. Masu liƙe huda da sabulu ko gam ma suna wasa da rayukan mutane ne.

Idan dole sai an yi maho, a nemi tiyon da aka buga wa SAE J30R9 a jikinsa. Mai J30R7 na kafireto ne. Ya zama gajere, a yanke ƙarfen har inda yake da lafiya, a ɗan buɗa bakinsa don kada tiyon ya zame, a matse da kilif biyu a kowane gefe.

Kafin a taɓa komai, a zare fiyus ɗin famfon mai, a tada inji har ya mutu da kansa, sannan a cire kan batir. Kada a kawo walda ko taba kusa. Ka sa a duba bututun birki ma, domin tare suke tafiya, shi kuma ba a yi masa maho da tiyo ko kaɗan.