Accord 2018 mai ƙaramin injin turbo, zai jure Kano kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, gidana a Hotoro. Shekara shida kenan ina hawa Accord 2013 kuma gaskiya bata taɓa bani ciwon kai ba, to yanzu an kawo min 2018 'yar Kwatano mai injin 1.5 turbo, motar ta kwanta min a rai amma bakanikena yace kar in kuskura, wai injin ƙarami ne ya yiwa jikin motar kaɗan, baya jure zafin garin nan kuma gasket ɗinsa ƙonewa yake. Dan Allah meye gaskiyar magana, in saya ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Bakaniken naka ba ƙarya yayi ba, amma rabin labarin ya baka. Bari mu fara da maganar ƙanƙanta tunda ita tafi tsorata mutane.

Injin nan silinda huɗu ne, cc 1498, wato lita ɗaya da rabi, ƙarfinsa doki 192. Naka na 2013 lita 2.4 ne amma doki 185 yake bayarwa, kaga kenan ƙaramin ya ɗara babban. Inda ma zaka fi jin bambancin shine wajen fizga, shi 1.5 ɗin yana bada Nm 260 tun daga juyi 1600 a minti ɗaya har zuwa 5000, naka kuwa Nm 245 ne kuma sai allura ta haura kusan 3900 kafin ya kawo shi duka. Shi yasa in ka taka totur daga danja zaka ji kamar an turo ka daga baya. Sirrin shine turbo ɗin, wata 'yar fanka ce da hayaƙin salansa yake juyawa, ita kuma ta juya 'yar uwarta da take ɗura iska cikin silinda da ƙarfin tsiya, a wannan motar matsin yana kaiwa wajen psi 20. Iska da yawa, mai da yawa, wuta da yawa, a cikin ƙaramar tukunya. Fankar nan tana juyi sama da dubu ɗari a minti guda kuma abinda ke tsakanin sandarta da ƙarfe ba komai bane illa ɗan siririn baƙin mai. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

Sauran abubuwan a taƙaice: sarƙa ce take riƙe da taimin ba bel ba, nozul yana fesa mai kai tsaye cikin silinda, giyar CVT ce irin wadda ka saba da ita a taka. Shan mai a gwajin Amurka ya kama kusan kilomita 14 a lita, taka kuma wajen 12 da rabi zuwa 13. Tunda aka cire tallafi a 2023 wannan ba abin rainawa bane, sai dai kar ka sa rai zaka ga 14 ɗin nan tsakanin Hotoro da Kwari da AC a kunne kana bin bayan adaidaita sahu. Kuma in kana da nauyin ƙafa, turbo zuƙar mai yake kamar babban inji.

To yanzu aibinsa. Na farko da yayi suna a kai shine fetur yana zurarewa ta gefen ringi ya gauraya da baƙin mai, ka zaro ma'auni ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, ka sansana ka ji warin fetur. Abin yafi tsanani a ƙasashen sanyi irin Kanada da arewacin Amurka da arewacin Sin, har a 2018 Honda ta kira CR-V masu wannan injin a Sin aka gyara musu. Dalili kuwa injin baya saurin ɗaukar zafi, in tafiyar gajeriya ce fetur ɗin da ya shiga baya samun damar zama tururi ya fita. Mu a nan zafin rana ya rufa mana asiri, amma mun ƙirƙiro wa kanmu matsalar da hannunmu, domin da mota ta shigo daga Kwatano abu na farko da wasu ke yi shine su cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, su haɗa fankar lagireto kai tsaye wai an yi mata "saitin Najeriya". A tsohuwar Accord Bulldog ka iya tsira da wannan. A wannan injin ka mayar da shi Kanada kenan da ƙarfi da yaji, kullum kwamfutar motar tana ganin injin da sanyi tana ƙara fesa mai, mai yana wanke bangon silinda yana gangarawa ƙasa. Da hunturu kuwa, mutum ya kai yara makaranta minti biyar ya dawo ya kashe, abin sai ya taru ya yi yawa.

Na biyu gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa mai hana ruwa shiga silinda, kuma nan ne maganar bakanikenka take da ƙamshin gaskiya. Ana samun ƙonewarsa a Accord da CR-V masu 1.5 fiye da yadda aka saba gani a tsofaffin injinan Honda, yawanci in mota ta yi nisan tafiya. Kwanakin baya an kawo min wata, mai ita yace da safe in ya tayar sai ta yi ta karkarwa na 'yan daƙiƙu sannan ta ware, an canza masa fulogi sau biyu an canza kwayil duk a banza. Na sa kwamfuta ta nuna silinda ta uku tana ɗauke wuta. Na leƙa robar ruwa na ga ta yi ƙasa, ƙarƙashin mota kuma a bushe ƙamas ba ɗigo ko ɗaya, nace masa yaushe rabonka da ƙara ruwa, yace ai duk sati yaron gida yana zuba mata ledar fiya wata biyu. Muka barta ta kwana, da safe na cire fulogin na zura 'yar kyamara, ga ɗigon ruwa nan zaune a kan fistin yana ƙyalli. Shikenan an gama magana. Da na buɗe lagireto ciki duk tsatsa ja kamar kunun kanwa da aka zubawa manja, tamostat kuwa babu shi babu dalilinsa. Ban ce ruwan leda kaɗai ne ya ƙona gasket ɗin ba, amma injin da dama yana aiki a takure ga zafin Afrilu digiri 40, ka haɗa masa da wannan, ai ka taya ɓera ɓari. Ruwansa shuɗi ne, Type 2 na Honda, shi ake zubawa.

Sai baƙin mai, kuma wallahi in za'a tambayeni abu ɗaya da yafi kashe turbo a garin nan shi zan nuna. A kan murfin an rubuta 0W-20 ɓaro-ɓaro. Sai kaje sabis yaro ya ɗauko 20W-50 yace oga wancan ruwa ne baya jure zafin Kano. Ka tuna sandar fankar nan da nace? Hanyar da mai yake bi ya isa wurinta siririya ce, mai kauri baya isa da wuri in an tayar da safe, kuma in ya daɗe yana dahuwa ya zama kwalta ya toshe hanyar, daga nan sai ka fara jin kuka kamar jiniya da shuɗin hayaƙi a baya. Ka nemi cikakken sintetik mai alamar API SP ko aƙalla SN Plus, an fito da su ne musamman saboda irin waɗannan ƙananan injinan turbo da wani lokacin wuta ke tashi a silinda kafin fulogi ya kyasta, abinda ke iya fasa fistin. Abinda yake sha gaba ɗaya bai kai lita huɗu ba, saboda haka ba wurin yin rowa bane. Ni kilomita 5000 nake cewa a juye, ba na jiran sai mota ta nuna. Kuma ka sayi mai a inda ka yarda da su, jabu yayi yawa, galan mai kyau da abin banza a ciki.

Fetur ma haka, ka rabu da 'yan bumburutu ko da layi ya kai ina. Wanda ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a farkon 2022 mai metanol ya san yadda motoci suka yi ta kwanciya, nozul ɗin wannan injin kuma kuɗinsa ba wasa ba. Filtar iska kuma da hunturu ka riƙa dubawa duk wata, in ta toshe a canza, kar a busa ta da iskar falkanaiza har ta yage, ƙurar da ta wuce kai tsaye fukafukan turbo take ci. In ka taho a guje daga Zariya ko Wudil kar ka kashe nan take, barta ta yi minti ɗaya ko biyu a tsaye. Giyar kuma man HCF-2 na Honda kaɗai, wajen kowane kilomita dubu 40, banda jan man giya da ake zubawa kowace mota.

Kafin ka biya kuɗi ga abinda zanyi in nine. Kace kar a tayar da ita sai kazo, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar da sanyinsa, domin dillalai sun san karkarwar safe, suna ɗumama mota kafin mai saye ya iso. Ka sansana ma'aunin mai, ka duba launin ruwa da inda ya tsaya, a sa kwamfuta a ga ko an goge laifuka kwanan nan, a yi gwajin da ake da wani shuɗin ruwa a bakin lagireto wanda ke komawa ruwan ɗorawa in hayaƙi yana shiga ruwa. Ka bi lambar shasi a intanet ka ga tarihinta, da yawa daga cikin waɗannan motocin na gwanjon haɗari ne daga Amurka kuma intakula, mai sanyaya iskar turbo, a gaba take ƙasan bamba, ita take fara shan duka. A nan ma zaka ga ko an canza mata famfon fetur, don motocin wannan shekarar suna cikin waɗanda Honda ta kira saboda shi.

In ta tsallake duk wannan kuma kasan zaka tsaya a kan sabis da kanka, ba ka ba direba kuɗi yaje ya dawo da rasit ba, saye ta Alhaji, zaka ji daɗinta. Amma ka sani kayanta a Ƙofar Ruwa basu kai na 2.4 yawa da araha ba, wani abun sai an aiko daga Legas. In kuma kasan kai mai mantuwa ne sai fitila ta kama kake tuna gareji, ka duba Camry 2018 mai lita 2.5, doki 203, babu turbo kuma giyarta ta gargajiya ce mai hawa takwas. Ko ka riƙe 2013 ɗinka tukunna tunda kace bata taɓa baka ciwon kai ba. In ka yanke shawarar zuwa ganin motar ka tafi da bakaniken naka, wanda dama baya sonta shi zai fi tono mata laifi.