Amsa Ga Yayana Kan Yaranmu da Makarantun Fada a Ayilan

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna da dukan mutanen gida, ga amsar tambayarka, wadda na san ba kai kaɗai ke da ita a rai ba. Ka ce kun ji a rediyo irin lalatar da limaman Katolika suka yi da ƙananan yara a Ayilan, kuma kana mamakin yadda mu Hausawan da muka zauna a ƙasar muke kai 'ya'yanmu da hannunmu makarantun da coci ke riƙe da su. Na kuma fahimci abin da ka yi kawaici ba ka furta ba, wato ko auren 'yar ƙasar da na yi ne ya rufe mini ido.

Abin da kuka ji gaskiya ne, har ma bai kai yadda abin yake ba. A 1994 gwamnatin Albert Reynolds ta faɗi saboda jan ƙafar da aka yi wajen miƙa wani fada, wato limamin Katolika, mai suna Brendan Smyth ga hukumar Ayilan ta Arewa, mutumin da ya shafe shekara da shekaru yana ɓata yara manyansa suna sane. A 2005 binciken yankin bishop na Ferns ya fito da zargi fiye da 100 a kan limamai 21. A 2009 rahoto biyu suka fito: na Mai Shari'a Ryan kan gidajen horon yara da ƙungiyoyin coci suka gudanar, da na Mai Shari'a Murphy kan yankin Dublin daga 1975 zuwa 2004. Na biyun ne ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna cewa shugabannin coci sun fi damuwa da rufin asiri da kare suna da dukiyar coci fiye da lafiyar yaran. Uwa za ta kai kuka, a lallashe ta, a ɗauke fadan a kai shi wata unguwa inda ba wanda ya san halinsa, a sake ba kura ajiyar nama. Wasu 'yan sandan ma, saboda girman da suke ba limami, sai su mayar da ƙarar wurin bishop maimakon su bincika.

Surukata, tsohuwa mai yawan ibada, ta gaya mini cewa a zamanin ƙuruciyarta idan fada ya shigo gida sai a fito da kofunan da ba a taɓawa sai ranar biki, kuma yaron da ya faɗi wani abu a kansa duka zai sha. Yayanta ya tashi a ɗaya daga cikin gidajen horon nan, ya mutu bai taɓa ba kowa labarin abin da ya gani ba. Har yau tana zuwa coci kowace Lahadi, amma ba ta yarda a ambaci bishop-bishop na wancan zamani da alheri a gabanta ba. Saboda haka, Yaya, auren bai rufe mini ido ba. A gidan surukaina na fara jin zafin wannan al'amari daga bakin waɗanda ya ƙona.

Batun makaranta kuwa, kusan tara cikin goma na makarantun firamare a nan suna ƙarƙashin cocin Katolika ne, kuma a ƙananan garuruwa sau da yawa babu wata. Malaman ba limamai ba ne, gwamnati ke biyan su, kuma tsarin mulkin ƙasa ya ba uba damar cire ɗansa daga darasin addini. Mu ma a Arewa mutane da yawa sun yi karatu a makarantun fada da sistoci 'yan Ayilan, irin su St Louis ta Kano, kuma ba su bar sallarsu ba.

Abin da ya sa hankalinmu ya ɗan kwanta shi ne an karɓe maganar daga hannun bishop an mayar da ita hannun doka. Tun 2012 laifi ne mutum ya san an ci zarafin yaro ya ɓoye wa 'yan sanda. Tun 2016 ba wanda zai yi aiki da yara, ko da na sa kai ne, sai 'yan sanda sun tantance shi. Daga ƙarshen 2017 kuma malamai da likitoci da limaman kowane addini dole ne su kai rahoto ga Tusla, hukumar kula da yara da iyali. Coci ma ta kafa tata hukumar a 2006 mai bin diddigin kowane yanki. Da na raka iyalina jana'izar wani danginsu, na ga takarda manne a ƙofar coci ɗauke da lambar wayar 'yan sanda da ta Tusla da ta jami'in da ake kai wa ƙara, na kuma ga littafi a ɗakin da fada ke sa tufafin ibada, wanda duk mai shiga, babba ko yaro, sai ya sa hannu. Yaran da ke taya fada hidima ba a barin su da babba guda ɗaya.

Ba na cewa takarda ta isa. Coci ta rubuta wa kanta ƙa'idoji tun 1996, amma rahoton da aka yi kan yankin bishop na Cloyne a 2011 ya gano cewa har bayan haka ana ɓoye ƙararraki, abin da ya sa Firaminista Enda Kenny ya tashi a majalisa ya caccaki fadar Batikan, maganar da a da ba ɗan siyasar da zai iya yi. Fafaroma Francis ya nemi gafara a Dublin a 2018, a 2019 ya wajabta wa limamai kai rahoto ga manyansu, ya kuma cire dokar sirri daga irin waɗannan shari'o'i. Duk da haka Marie Collins, wadda fada ya ci zarafinta tana yarinya a asibiti, ta yi murabus daga kwamitin Fafaroma na kare yara a 2017 saboda turjiyar da ta gani a ciki, kuma har yanzu coci na nan a kan cewa abin da aka furta wa fada a ɗakin tuba ba ya fita. Ni a ganina uba ba shi da dalilin sakin jiki.

Yanzu ga inda muka fi shan suka daga gida. A makarantar Islamiyyar da muke kai yaranmu Asabar da Lahadi, mu ma mun bi wannan tsari: ana tantance kowane malami, ba a rufe ƙofar aji, kuma kullum akwai uwa ɗaya zaune. Da aka fara, wani dattijonmu ya yi fushi, ya ce an mayar da mahaddacin Alƙur'ani abin tuhuma. Muka ba shi haƙuri, muka ce mutanen nan ma haka suka ɗauki limamansu, kuma abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida da ake kira makarantar Islamiyya, wasunsu da mari a ƙafa, ya isa ya nuna cewa wannan cuta ba ta addini ɗaya ba ce. Ka tuna lokacin da muke makarantar allo, da ɗayanmu ya kawo ƙarar babba gida, Baba da kansa zai ce ya rufe baki, ba don mugunta ba sai don haka aka rene shi.

A firamare ana koya wa yara cewa jikinsu nasu ne, cewa akwai sirrin da ba a riƙewa, kuma idan sun faɗa ba a saurare su ba su sake faɗa wa wani. Mun yarda da wannan, mun ƙara da namu a gida da Hausa. Na ji an ce 'ya'yanmu sun zama Turawa, ba su da kunya, kuma maganar ta yi mini ciwo. 'Yata tana durƙusawa ta gaida manya, tana azumi, ba ta kiran sunan yayanta, tuwo da miyar kuka ma uwarta Baturiya ta koya don ita. Abin da muka cire mata kawai shi ne tsoron faɗin abin da aka yi mata.

Idan Allah ya kai mu hutu za mu zo da su. Ina roƙonka ka yi wa Inna da su Gwaggo bayani tun yanzu, cewa idan an aiki yarinyar ɗakin wani baƙo ita kaɗai ta ce sai da 'yar rakiya, ko ƙaninta ya ƙi zama a cinyar wanda bai sani ba, kada a ce rashin tarbiyya ne, ni da uwarsu muka umarce su da haka. Ka gaida mini Malam da yaran duka.