Kwat ɗin da ka gani a hoto ta aro ce

Taubashi, na ga saƙonninka duka bakwai, har da na muryar da ka turo ƙarfe uku na dare. Wai ka ga hotona a LinkedIn cikin kwat ina nuna wa Turawa allo, an rubuta mai ba kamfani shawara, don haka in jawo ka, kuma nawa suke biya. Kai ne na huɗu da ya yi mini wannan tambayar a watan nan.

Ko kwabo ba a biya ni ba. Ni ne ma na biya. Aikin wani ɓangare ne na digiri na biyu da na yi a Sheffield, a Ingila: maimakon kundin bincike, sai a haɗa ku mutum biyar a ba ku wani kamfani mai matsala, ku yi wata uku a kai, ku rubuta rahoto, malamai su ba da maki. Namu daga Yuni zuwa ƙarshen Agustan 2024 ne. Hoton kuma na minti ashirin ɗin ƙarshe ne, kwat ɗin ta wani Bayarabe ce da muke gida ɗaya, shi ya sa hannun ya ɗan yi mini tsawo.

Kada ka ce za ka riƙa yi wa mutane irin wannan aikin a gefe su biya ka. Bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai kwata-kwata. Abin da aka yarda shi ne aikin albashi na awa 20 a mako, kuma a makarantarmu watannin aikin nan ba hutu aka ɗauke su ba, ƙa'idar tana nan. A lokacin mafi ƙarancin albashi fam 11.44 ne a awa. Yi lissafin da kanka, ka cire kuɗin ɗaki. Ni dare biyu a mako nake jera kwalaye a wani sito, in fito da asuba, in yi wanka, ƙarfe goma in zauna a taro ina maganar dabarun kasuwanci idona kamar gauta. Ga rana da ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi, tsakanin Isha da Asuba ɗan taƙi ne. Babbar Sallah ta faɗo ranar Lahadi, 16 ga Yuni, washegari muna da taro, na ci sallata da burodi a ɗakin karatu.

Amma ba gajiyar ce ta fi ci mini rai ba.

Kamfanin na wani dattijo ne, ya gada daga mahaifinsa, suna ƙera zarto da kurfi da sauran kayan kafintoci, ka san garin da ƙarfe ya yi suna. Yana so ya san ko zai iya sayarwa a Afirka ta Yamma. Zamanmu na farko na yi abin da aka koya mana a gida: babba yana magana, na sunkuyar da kai, na jira ya gama. Su kuwa abokan aikina suna katse shi, suna kiran sa da sunansa tsirara, mutumin da ya girmi Kawu. Da muka fito malamar da ke kula da mu ta ja ni gefe ta tambaye ni ko Turancin ne yake ba ni wuya. Ni da na yi shekara shida ina aiki a banki! Kunyar da muke taƙama da ita, a nan rashin sani ake ɗaukar ta, kuma a takardar maki akwai gurbin da abokan aikinka za su auna gudummawarka. Sai da na koyi kallon dattijo cikin ido in ce masa lissafinsa bai fita ba. Har yau in na yi, sai na ji wani abu a ƙirjina.

Ka kuma koyi jin maganarsu. In Bature ya ce shawararka tana da ban sha'awa, zai duba, to ya binne ta ke nan. Mako biyu na yi ina murna da wani tunani da tun ranar aka yi jana'izarsa. Cikin mu biyar akwai wanda ba mu gan shi ba sai ranar hoto, wannan kam ko a gida ka san irinsu.

Inda na rama shi ne farashi. Sauran suna ta sauke rahotanni daga intanet, ni kuwa, bayan na cike takardun neman izinin yin hira da mutane, don ko gaisuwa ba ka yi da sunan bincike sai makaranta ta sa hannu, na kira 'yan kasuwa a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ta WhatsApp. Suka ɗauko mini hoton kayan Sin da kuɗinsu. A lokacin fam ɗaya ya haura naira 1,900, alhali kafin a saki naira a Yunin 2023 bai kai 600 ba a farashin gwamnati. Wane kafinta ne a Kano zai sayi zarton Ingila? Na tsaya gaban dattijon na ce kada ya kai kayansa ƙasata, aƙalla ba yanzu ba. Ya yi shiru, ya ce a sake nuna masa hotunan. Shafin nan shi aka fi yabawa a rahoton. Na ji daɗi, na kuma koma ɗaki raina a jagule, don da bakina na kori mai zuba jari daga gida.

A tsakiyar rubutun ne, ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta, tarzomar ƙin baƙi ta ɓarke bayan kisan yara uku a Southport. Aka far wa wani otal na masu neman mafaka kusa da Rotherham, nan maƙwabtanmu. Kwana uku ban leƙa waje ba, na gaya wa Inna mura nake yi.

Sai maganar kuɗi, tunda na ji ana raɗe-raɗin Kawu zai sayar da gonar bakin rafi don ka zo nan karatu. Bayan kuɗin makaranta akwai na asibiti, fam 776 kowace shekara, kafin ka taka jirgi. Sai ka nuna kuɗin zama na wata tara sun kwana 28 a asusu, kuma adadin hawa yake yi. Amaryar da kake shirin yi ba za ta biyo ka ba, tun Janairun 2024 aka rufe wa masu irin karatunmu wannan ƙofar. Shekara biyun da ake ba mutum ya nemi aiki bayan kammalawa, an sanar za ta koma wata 18 daga Janairun 2027. Ni na samu aiki, alhamdulillahi, amma bayan wata biyar ina sito da digirina a aljihu.

In har gonar ce jarin, ba da hannuna ba, kuma zan faɗa wa Kawu da kaina. In kana da wata hanyar, turo mini takardunka ranar Asabar in duba. Ka ce wa Gwaggo ta daina ba mutane kilishi su kawo mini, ƙwace nama ake yi a filin jirgi. Kuka da yaji dai.