Keken gwiwa zai shanye mini ƙafa? Baffana ya ce a fasa filasta a kai ni ɗori

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a unguwar Bagalam, nan Maradi, shekaruna 38. Sati uku ke nan da kabu-kabu ya kayar da ni, na karye a idon sawun dama, ƙashin ciki da na waje duka. An yi mini aiki, an sa ƙarfe da kusoshi, an naɗa filasta daga ƙasan gwiwa zuwa yatsu, likita ya ce kada in taka sai bayan sati shida. Sandunan da aka ba ni sun cinye mini hammata, hannuna na hagu har ya fara mutuwa, kuma sau biyu ina faɗuwa a tsakar gida. Ƙanena da ke Kano ya aiko mini da wani keke mai taya huɗu, ana ɗora gwiwa a kai ana turawa da ƙafa mai lafiya. To baffana ya ce in na saba lanƙwashe gwiwa a kansa jini ba zai sauka ba, ƙafar za ta shanye. Ya ce tunda ciwo ya lafa ƙashi ya kama, a fasa filastar a kai ni wurin wani mai ɗori a ƙauye ya ƙarasa, kwana goma in miƙe. Shagona a rufe yake, iyali na jira. Wallahi barci ya gagare ni. In hau keken ko in bar shi? Kuma gaskiya ne ƙashin ya kama?

Amsa daga ma'aikacin gashin ƙashi: Wa alaikumus salam. Sannu Malam, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Kwantar da hankalinka, ka hau keken. Don irin karayarka aka ƙera shi: ciwo yana ƙasa da gwiwa, gwiwar da ƙugu lafiyarsu lau. Nauyinka zai bi ta cinya ya sauka a kan gwiwa da saman ƙwauri, idon sawu na rataye a baya ba abin da ya dame shi. Da a gwiwa ka ji ciwon, ko filasta ta haye cinya, ko kana fama da jiri, da na ce ka ajiye shi. Ka dai ɗauki hotonsa a waya ka nuna wa likitan da ya yi maka aiki, don ya san da zamansa.

Lanƙwasa gwiwa a kan keken ba ya shanye ƙafa. Amma baffa bai yi ƙarya ba game da abin da idonsa ya taɓa gani: ƙafar da ta yi sati shida a filasta siririya take fitowa, sha-raɓa ta zube, fata na saɓa. Tsoka ce da ta zauna ba aiki, da keke ko ba keke haka za ta yi, kuma tana dawowa in an motsa ta. Keken na zirga-zirga ne, ba wurin wuni ba ne. In ka isa inda za ka, sauka ka zauna, miƙe gwiwar, ɗora ƙafar a kan matasai har ta ɗara ƙirjinka in kana kwance, ka riƙa motsa yatsu kana ɗaure tsokar cinya kana saki.

Daidaita shi kafin ka fara. Tsaya da ƙafar hagu da takalmin da za ka riƙa sawa, mai rufi da ke kama ƙafa, ba silifa ba. A ɗaga kushin ko a sauke shi har ƙugunka ya daidaita, ba ɓangare ɗaya ya karkace ba. In ya yi ƙasa, cikin kwana kaɗan bayanka zai fara ƙorafi. Hannun keken ya tsaya wajen ƙugu. Kulle birki duk lokacin da za ka hau ko za ka sauka. Hannu biyu a kai kullum, kaya kuma a rataye su a jaka. A kwana ake kifewa, don haka rage gudu, ka yi ta da faɗi.

Abin da takardar da ta zo da shi ba za ta gaya maka ba shi ne rairayin Maradi. Yawancin waɗannan kekuna ƙananan tayoyi gare su, wajen santimita 20, na roba mai tauri, an yi su ne don daɓen siminti. Tayar gaba na shiga rairayi sai ta cije, kai kuma jikinka bai tsaya ba, sai ka tsinci kanka ka dira da ƙafar da ake lallaɓawa. Haka dokin ƙofa, da bakin tabarma da ya naɗe, da kwata, da wurin da aka zubar da ruwan wanke-wanke. Cikin ɗaki da baranda da shago, nan ne wurinsa. Titi tsakanin kabu-kabu da adaidaita ba wurinsa ba ne, matakala kuwa ko ɗaya ce kada ka gwada. Don haka kada ka yar da sandunan. Mutuwar hannun da kake ji jijiya ce kake dannewa a hammata: a rage tsawonsu har yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin kan sanda da hammata, nauyi kuma a tafin hannu yake sauka. In bayan an gyara hannun bai saki ba, ka faɗa a asibiti. Salga kuma, a huda kujera a ɗora a kai, kada ka tsuguna da ƙafa ɗaya. Salla a zaune, alwala ka shafa a kan filasta. Malamai sun daɗe da bayyana wannan sauƙin.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, don keken ƙaramin zance ne a kansa. A'a Malam, ƙashinka bai kama ba. Wannan magana ta "ciwo ya lafa, ƙashi ya kama" ita ce nake ji kusan kullum, kuma ita ce take dawo mana da mutane a kan tabarma bayan sun fita da ƙafarsu a daidai.

A sati na uku abin da ke tsakanin bakunan karaya ɗanyen nama ne mai kama da guringuntsi. Ya isa ya hana su gogar juna, shi ya sa zafi ya sauka. A wurinka ma ƙarfe ne ya riƙe su tun ranar aiki, ciwo ya riga ƙashi warkewa da nisa. Kamar katangar laka ce da ba ta sha rana ba: a tsaye take, amma jingina da ita ka gani. Sai daga sati shida zuwa goma sha biyu wannan ɗanyen nama ke zama ƙashin da zai ɗauki mutum, kuma hoto ne ke nuna haka, ba jin daɗin jiki ba, ba kuma hannun da ya lalluba daga waje ba. Ƙarfen da kusoshin an sa su ne su riƙe ƙashi a mazauninsa har ya haɗe. Ba a yi su don su ɗauki ƙaton mutum yana tafiya ba. Taka su yanzu, kusa ta kwance ko ƙarfe ya lanƙwashe, a koma ɗakin tiyata karo na biyu, aikin da ya fi na farko wuya da tsada.

Idon sawu kuwa gaɓa ce da ba ta yafe kuskure. Tun 1976 aka buga binciken da ya nuna cewa in ƙashin da ƙwauri ke zaune a kansa ya goce da milimita 1 kawai, wurin da suke haɗuwa yana raguwa da kashi 42 cikin 100. Milimita ɗaya, kai da kake aiki da awo ka san ƙanƙantarta. Nauyin mutum duka sai ya taru a ɗan wuri, guringuntsi ya cinye, bayan ƴan shekaru mutum yana ɗan arba'in da wani abu yana ɗingishi, safiya ba ya iya taka ƙasa sai ya dafa bango. Wane hannu ne zai ji milimita ɗaya ta cikin kumburi?

Sannan me mai ɗorin zai ƙarasa? An riga an ɗora, da ido a buɗe, an ga ƙashin an mayar da shi. Abin da ya rage masa shi ne ya ja, ya murza, ya shafa man shanu da garin magani, wani ma ya yi tsaga, a kan fatar da aka ɗinke sati uku da suka wuce, ƙarfe na kwance ƙarƙashinta. A idon sawu ba wata tsoka tsakanin fata da ƙashi. Ƙwayar cuta in ta samu ƙofa ta isa ga ƙarfe, manne masa take yi inda magani ba ya kai mata sosai. Daga nan sai ruwa ya fara tsattsafowa daga wani ɗan rami da ba ya rufewa, wata da watanni, ƙashi na ruɓewa daga ciki.

Mafi muni shi ne ɗaurin. A jera karare a kewaye ƙafa, a tamke da tsumma da igiya iya ƙarfi, wai don kada ya motsa. Ƙafar da aka murza dole ta kumbura, ɗauri kuma ba ya buɗewa. Jini ya daina shiga. Mai ciwo ya kwana yana ihu, a ce masa ya yi haƙuri, ɗori ne ke kamawa. Washegari ihun ya ragu, kowa ya yi hamdala, alhali jijiyoyi ne suka mutu. Tsokar da ta rasa jini wajen awa 6 ta fara mutuwar da ba ta dawowa. Na sha kwance irin wannan ɗauri: yatsu sun yi sanyi ƙalau sun koma launin toka, sawun karare ya nutse cikin fata layi-layi, tsakaninsu ƙuraje manya cike da baƙin ruwa, wari kuma ya riga mu sanar da kowa a ɗakin. A wannan matakin likita ba ya zancen ceton ƙafa, zancen ceton rai yake. Sai a yanke, sai labari ya koma ƙauye cewa asibiti yanke ƙafa suke yi, sai na gaba da ya karye ya ƙi zuwa sai ta ruɓe. Haka abin yake ta juyawa, yara ƙanana ma ba su tsira ba, kuma wannan ne ke ƙona mini rai.

Na san abin da ke kai mutane can. Mai ɗori na kusa, yana karɓar abin da ya samu, yana sauraron mutum, yana yi masa addu'a. Mu kuwa sai ka bi layi tun asuba, a tura ka biyan kuɗi nan, hoto can, ka dawo a ce mai dubawa ya tashi sai wani satin. Wannan gazawa ce, kuma tana da hannu a kowace ƙafar da aka rasa. Akwai masu ɗorin da suka san iyakarsu, in sun ga rauni a buɗe ko karaya a gaɓa su ce a tafi asibiti, Allah ya saka musu. Amma wanda zai ga ɗinkin tiyata da idonsa ya ce a fasa filasta ya miƙar da kai cikin kwana goma, wannan bai san abin da ke ƙarƙashin hannunsa ba. Kuma ku dattawa, don Allah a ji tsoron Allah a kan jikin wani. Lafiya amana ce. Wanda ya ba da shawarar a kwance ba shi ne zai yi sauran rayuwarsa da ƙafa ɗaya ba, ba shi ne zai ciyar da ƴaƴan ba. Ba sai ka yi jayayya da baffa ba, Malam. Ƙauna ce ta sa shi magana. Ranar komawarka ka roƙe shi ya raka ka, a nuna masa hoton, ya ga kusoshin da layin karayar da idonsa. Tofi da addu'a kuwa a yi ta yi, filasta ba ta tare su.

Akwai abubuwan da ba a jiran ranar komawa a kansu. Danna farcen babban yatsan ƙafar da ke cikin filasta ya yi fari ka saki. In bai koma ja cikin daƙiƙa 2 ko 3 ba, ko yatsun sun yi sanyi, ko sun mutu, ko ciwo na ƙaruwa duk da ka ɗaga ƙafar ka sha magani, filasta ta matse, a tafi asibiti a tsaga ta ko da tsakar dare ne. Haka zazzaɓi, ko wari, ko danshi da ya ɓullo ta jikinta. Ciwo da kumburi a sha-raɓa ko cinya na iya zama gudan jini a jijiya, in kuma numfashi ya fara yin wuya ko ƙirji ya soke, wannan gaggawa ce ta rai. In an rubuta maka maganin hana jini daskarewa, kada ka tsallake. In kana da ciwon suga, ka riƙa duba fatar gwiwar da ke kan kushin kowace yamma. In kana shan taba, ajiye ta, tana jinkirta haɗuwar ƙashi ƙwarai. Ƙaiƙayin zufa kuma kada ka zura tsinke ko allurar saƙa, fifita bakin filastar da mafici.

Shago ba sai ya zauna a rufe ba. A kai ka a mota ko adaidaita, ka zauna ƙafa a kan benci, ka yi awo da yanka da aikin hannu, yaro ya hau keken ɗinki. In kana da na lantarki, hagu ta taka, amma a taƙaice, don dama ba ta son ratayewa ƙasa na dogon lokaci. A sati na shida za a sake hoto, in ya yi kyau a ba ka izinin takawa kaɗan-kaɗan da sanduna, a nan keken gwiwa ya gama aikinsa, namu na motsa gaɓar ya fara. Za ka ga ƙafar na kumbura da yamma har tsawon watanni, wannan ba abin tsoro ba ne. Keken ɗinki na ƙafa kuwa ka bari sai idon sawun ya iya lanƙwasa sama da ƙasa ba ciwo, kuma wanda ke motsa maka shi ya ce ka fara.