Sarauta ce aka ba Theresa May ko lambar yabo?

Wata malama daga Katsina ta aiko da tambaya: "Da aka rushe majalisar Birtaniya a 2024, na ji wani gidan rediyo ya ce an ba tsohuwar firaminista Theresa May lambar yabo, wani kuma ya ce sarauta. Wanne ne daidai?"

Malama, sarauta ce. Al'adarsu ce idan an rushe majalisa za a shiga zaɓe, firaminista ya miƙa wa Sarki sunayen 'yan siyasar da za a karrama, galibi waɗanda suka haƙura da takara, 'yan adawa ma a ba su nasu kason. Jerin na 2024 ya fito ne ranar zaɓen, 4 ga Yuli, da sunan May a ciki, da na Harriet Harman ta jam'iyyar Labour.

Abin da ake rabawa iri biyu ne, kuma bai kamata mu haɗa su a kalma ɗaya ba. Akwai lambar girma, irin wadda ke sa a kira mutum Sir, kamar yadda aka yi wa Sardauna Ahmadu Bello a 1959. Wannan girma ne kawai, ba ya zuwa da kujera. Amma wanda aka naɗa Lord ko Baroness ya zama ɗan Majalisar Iyayen Ƙasa, wato ɗaya daga cikin majalisun dokoki biyu na Birtaniya, har ƙarshen ransa, yana muhawara, yana kaɗa ƙuri'a kan dokoki. Muƙamin da ke ɗauke da iko da wurin zama a fada, Bahaushe sarauta yake ce masa. Sai dai ba a gadonta: dokar 1958 ce ta kawo irin wannan sarauta da ke ƙarewa da mutuwar mai ita.

Wani ɗalibi daga Maraɗi kuma ya ce ko "yaba kyauta tukwici" ta dace da wannan rabon.

Ba ta dace ba, ɗana. Tukwici ɗan abin da wanda aka yi wa kyauta yake ba ɗan aiken da ya kawo ta ne, kuma karin maganar na nufin godiya ma ramuwa ce ga mai alheri. Da "sallama" ka ce, ka ɗan matso kusa, tunda masu barin aiki ake ba. Amma ita ma ban gamsu da ita ba, don wanda aka sallama gida yake tafiya. Waɗannan kuwa daga majalisar da talakawa ke zaɓa ake mayar da su wadda ba mai zaɓenta. Abin da ke damuna ke nan idan 'yan jaridarmu suka rubuta "lambar yabo": mai karatu sai ya ɗauka ƙarfe ne aka rataya wa mutum a wuya, alhali a 2015 firaministan lokacin, David Cameron, mutum 45 ya shigar majalisar ta wannan ƙofa a jeri ɗaya.